Jan tirelar jirgin ruwa

Jan tirelar jirgin ruwa shi ne ɗora ƙaramin jirgin ruwa ko kwale-kwale mai inji a kan tirela, a ja shi da mota daga inda ake ajiye shi zuwa bakin tafki, kogi ko teku. A Hausar yau da kullum idan an ce tirela an fi nufin babbar motar ɗaukar kaya. A nan kuwa ana nufin ƙaramin keken ƙarfe mai taya biyu ko huɗu, wanda ba shi da inji, ake maƙala shi a bayan mota. Wannan abu ne da ya zama ruwan dare a Amurka, Kanada, Turai, Ostareliya da New Zealand, inda mutane da yawa ke ajiye jiragensu a gida don guje wa kuɗin wurin ajiya a tashar ruwa.

Motar da ke jan jirgi ba ta tafiya kamar motar da ba ta jan komai. Ta fi nauyi, ta fi tsawo, tana daɗewa kafin ta tsaya, kuma akwai gaɓa a tsakiyarta da ke iya lanƙwashewa. Saboda haka lambar da aka rubuta a allon gefen hanya ba ita kaɗai ke nuna gudun da ya dace ba. Abubuwa huɗu ne ke ƙayyade shi: dokar wurin, ƙarfin tayoyin tirela, nauyin kayan da yadda aka raba shi, sai kuma yanayin hanya. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin huɗun nan shi ne iyakar gudun direba.

## Tarihi

Jan jirgi da mota ya samo asali ne daga haɗuwar wasu ƙirƙire-ƙirƙire na ƙarni na 20. A shekarar 1909 Ole Evinrude ya fara sayar da injin da ake rataya wa a bayan kwale-kwale a Amurka, abin da ya sa ƙananan jirage masu inji suka shiga hannun mutane masu matsakaicin ƙarfi. A shekarun 1930 kamfanin Westfalia na Jamus ya fito da mahaɗi mai ƙwallon ƙarfe, irin wanda ake amfani da shi har yau wajen haɗa tirela da mota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara ƙera jirage da alminiyum da zaren gilashi, waɗanda ba su kai na katako nauyi ba, kuma zaman tudu ba ya ɓata su. A 1956 Amurka ta zartar da dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohinta, sai tafiya da jirgi zuwa tafki mai nisa a ƙarshen mako ta zama al'ada. Yawaitar tireloli a kan hanya ce ta sa ƙasashe suka yi musu dokokin gudu, birki, fitilu da girma.

## Sassan tirela

Ana ƙera gangar jikin tirela da ƙarfe mai fenti, ko ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, ko alminiyum. Mai fenti ya fi arha amma ruwan gishiri na saurin sa shi tsatsa, don haka masu zuwa teku sun fi son sauran biyun. Muhimman sassanta su ne:

- Wuya da mahaɗi. Wuya shi ne dogon ƙarfen gaba, a ƙarshensa akwai mahaɗi mai siffar ƙoƙo da ke hawa kan ƙwallon da ke bayan mota. A Turai faɗin ƙwallon milimita 50 ne. A Amurka an fi amfani da girma uku: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Dole girman ƙwallo da na mahaɗi su zo ɗaya, domin ƙwallon da ya yi ƙanƙanta zai iya suɓucewa ko da an kulle.
- Gatari da tayoyi. Gatari shi ne sandar ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kanta. Ƙananan tireloli na da guda ɗaya, manya na da biyu ko uku.
- Mazaunin jirgi. Iri biyu ne: dogayen katakai da aka lulluɓe da kafet, ko jerin roloji na roba. Katako ya fi riƙe jirgi, rola kuma ta fi sauƙin saukewa a ruwa marar zurfi.
- Winci. Na'ura ce mai mariƙi da ke naɗe igiya ko bel don jawo jirgi kan tirela har hancinsa ya tokari matokarin gaba.
- Sarƙoƙin tsaro, fitilu da birki.

## Nauyi da rabonsa

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda ta ja, kuma yana rubuce a littafin motar. Ita ma tirela akwai farantin ƙarfe a jikinta da ke nuna iyakar nauyinta tare da kaya. A Amurka ana rubuta wannan da haruffan GVWR. Mahaɗin da ke jikin mota shi ma yana da tasa iyakar. A tsarin Amurka aji na ɗaya yana jan kilo 900, na biyu kilo 1,600, na uku kilo 2,270, na huɗu kuma kilo 4,500, duka a kimanance.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da nauyin da aka rubuta a takardar sayen jirgi, alhali sau da yawa wannan nauyin gangar jikinsa ce kawai. Misali, jirgin da aka ce kilo 900 ne, idan aka ƙara inji mai kilo 180, da fetur lita 150 wanda ya kai kusan kilo 110, da batura da anga da sauran kaya kilo 120, da ita kanta tirelar kilo 350, jimilla ta zama kilo 1,660. Ruwan sama da ya taru a cikin jirgi ma nauyi ne, kowace lita kilo ɗaya. Hanyar sanin gaskiya ita ce a hau sikelin auna motoci da cikakken kaya. Ƙungiyoyin masu jan tirela a Birtaniya suna ba sababbin direbobi shawarar kada nauyin abin da suke ja ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar babu kaya. Wannan shawara ce, ba doka ba.

Bayan jimillar nauyi, sai yadda ya zauna. Wani kaso na nauyin tirela dole ya danna ƙwallon mota ƙasa. A tirelolin kaya na Amurka ana so ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A tirelar jirgi an fi ba da kashi 5 zuwa 7, saboda inji da tankin mai suna can baya, kuma an riga an matsar da gatarin baya don ya dace da haka. Idan duka kayan kilo 1,500 ne, nauyin da ke kan ƙwallo zai zama kilo 75 zuwa 105, matuƙar bai wuce abin da motar ke iya ɗauka ba. Idan ya yi kaɗan tirela za ta riƙa lilo. Idan ya yi yawa bayan mota zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu kuma su riƙa kashe wa masu tahowa ido. Ana gyara rabon nauyi ta hanyar matsar da matokarin winci gaba ko baya, ko matsar da gatari, ko sauya wa kaya wuri a cikin jirgin.

## Gudu

### Iyakar da doka ta sa

Ƙasashe da yawa sun rage wa motar da ke jan tirela gudu ƙasa da na sauran motoci:

| Wuri | Iyakar gudu ga mai jan tirela |
|---|---|
| Birtaniya | Mil 50 a awa, kusan kilomita 80, a hanya mai falle ɗaya. Mil 60, kusan kilomita 97, a tagwayen hanyoyi da manyan hanyoyi |
| Jamus | Kilomita 80 a wajen gari. Kilomita 100 a babbar hanya ga tirelar da ta sami shaidar Tempo 100 |
| Faransa | Kilomita 90 a babbar hanya idan nauyin da aka yarje wa mota da tirela a haɗe ya wuce tan 3.5 |
| Holan | Kilomita 90 |
| New Zealand | Kilomita 90 |
| Yammacin Ostareliya | Kilomita 100 |
| Kalifoniya, Amurka | Mil 55 a awa, kusan kilomita 89 |

A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma a wasu jihohin babu bambanci tsakanin mai jan tirela da sauran direbobi. Akwai kuma dokokin layi. A Birtaniya an hana mai jan tirela shiga layin dama na babbar hanya mai layi uku ko fiye, wato layin masu sauri. A Kalifoniya ana so ya tsare layin dama, wanda a can shi ne na masu tafiya a hankali, sai idan zai wuce wata mota.

### Iyakar da taya ta sa

Tayoyin da ake yi musamman don tirela a Amurka suna ɗauke da haruffan ST. A al'ada an gina su ne don gudun da bai wuce mil 65 a awa ba, kusan kilomita 105, sai idan an rubuta wata alama a gefen tayar. Harafin L yana nufin kilomita 120, M kilomita 130, N kuma kilomita 140. Wuce wannan iyaka yana tara zafi a cikin taya, kuma zafi ne ke raba robar da wayoyin da ke ciki har ta fashe.

Ƙanƙantar taya na ƙara wa matsalar girma. A gudun kilomita 100, tayar mota mai tsayin santimita 65 tana juyawa kusan sau 820 a minti ɗaya. Tayar ƙaramar tirela mai tsayin santimita 40 kuwa sai ta juya kusan sau 1,300. Wato ita da boris ɗinta suna aiki fiye da na motar da ke jan su, a gudu iri ɗaya.

### Gudu da tsayawa

Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma game da gudu ninki yake yi: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Tashi daga kilomita 80 zuwa 100 kaɗai yana ƙara shi da kashi 56 cikin 100. Motar kilo 2,000 da ke jan tirela marar birki mai kilo 700 ta ƙara wa birkinta aiki da kashi 35 cikin 100 tun kafin a zo maganar gudu. Shi ya sa ake so mai jan tirela ya bar ratar aƙalla daƙiƙa huɗu tsakaninsa da motar gabansa, wanda a gudun kilomita 80 ya kai kusan mita 90. Ribar sauri kuma ba ta da yawa: a tafiyar kilomita 100, bambancin mai gudun 80 da mai gudun 100 minti 15 ne kacal.

### Yanayin hanya

Ruwan sama, hazo, ƙanƙara, iska mai bugowa ta gefe, gangara, kwana da ramuka duk suna sauko da gudun da ya dace ƙasa da abin da doka ta yarda. Jirgin ruwa a kan tirela yana da tsayi da faɗin gefe, don haka iska na samun wurin turawa, musamman a kan gada ko a fili marar itatuwa.

## Lilon tirela

Lilo shi ne kaɗawar tirela hagu da dama a bayan mota. Kowace mota da tirelarta suna da wani gudu da masana ke ɗauka a matsayin kan iyaka. A ƙasa da shi, idan iska ko rami ya ture tirela, kaɗawar tana mutuwa da kanta. A sama da shi kuwa kowace kaɗawa tana fin wadda ta gabace ta girma, har tirela ta juyo da bayan motar, ko su naɗe, ko su kife. Nauyi a baya, ƙarancin iska a taya, gajeriyar mota marar nauyi da kaya masu tsayi duk suna sauko da wannan kan iyaka. An fi ganin lilo a gangara da kuma lokacin da babbar mota ta wuce da gudu, domin iskarta tana fara ture tirelar sannan ta zuƙo ta.

Idan lilo ya fara, abin da ake koyarwa shi ne:

1. A ɗage ƙafa daga totur a hankali.
2. A riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada a yi ƙoƙarin bin kaɗawar, domin hannun mutum yana makara, sai ya ƙara mata ƙarfi.
3. Kada a taka birkin mota da ƙarfi.
4. Idan tirelar na da birkin lantarki mai madanni a cikin mota, a danna nata kaɗai, zai ja ta ta miƙe.
5. Bayan ta lafa a tsaya a wuri mai aminci, a duba rabon kaya da iskar taya.

Tsohon zancen da ke cewa a ƙara wuta don tirela ta miƙe yana da haɗari, domin yana ƙara kai motar sama da kan iyakar. Motocin zamani da yawa suna da na'urar da ke gane lilo ta riƙa taka wa tayoyi birki ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta maye gurbin loda kaya daidai.

## Birkin tirela

A Birtaniya tirelar da ba ta da birki ba za ta wuce kilo 750 ba, kuma ba za ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta ba. A Ostareliya ma daga kilo 750 ake wajabta birki, kuma tirelar da ta wuce kilo 2,000 sai ta sami birkin da ke kama kansa idan ta tsinke. A jihohin Amurka da dama iyakar kusan kilo 1,360 ce.

Yawancin tirelolin jirgi suna amfani da birkin turi. Idan mota ta rage gudu, tirela tana turo wuyanta gaba, wannan turin ne ke matsa man birki ko ya ja waya ya kama tayoyi. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar lantarki a wurin da ke shiga ruwa. Illarsa biyu ce. A doguwar gangara yana iya kamawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi zafi. Sannan a ribas, musamman zuwa tudu, yana iya kullewa, shi ya sa ake sa masa sakata ko wata na'ura da ke sakin sa idan an sa giyar baya. Manyan tireloli suna amfani da famfon lantarki da aka ɗora a kan wuya, nesa da ruwa, shi ke matsa man birkin.

## Boris da taya

Abin da ya bambanta tirelar jirgi da sauran tireloli shi ne ana tsoma ta a ruwa. Bayan doguwar tafiya cibiyar taya tana da zafi. Idan aka tsoma ta a ruwan sanyi nan take, iskar da ke ciki tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke tsare giris. Ruwan yana ɓata giris, boris ya yi tsatsa, a wata tafiyar ya ci wuta, wani lokaci har taya ta fice. Saboda haka ake barin cibiyar ta huce kafin a shiga ruwa, ake kuma sa mata marufi mai sifirin da ke matse giris a ciki. Ana so a kwance boris a duba a sake giris aƙalla sau ɗaya a shekara. A kan hanya kuma, duk inda aka tsaya a kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne, amma wadda ta fi 'yan uwanta zafi sosai alama ce ta matsala.

Tayar tirela ta fi mutuwa da tsufa a kan cinyewa, domin takan yi watanni a tsaye a rana. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A Jamus ba a ba tirela damar gudun kilomita 100 idan tayoyinta sun haura shekara shida. Ana auna iska ne kafin a tashi, lokacin da taya ke da sanyi, kuma yawanci tayar tirela ta fi ta mota son iska. Jak da sifanar mota ba lallai su dace da tirela ba, don haka ana tafiya da nata, tare da safayar taya.

## Dubawa kafin tashi

- Mahaɗi. A tabbatar ya zauna sosai a kan ƙwallo, an kulle, an zura sakata. Ana gwadawa ta hanyar ɗaga wuyan da jak ɗinsa: idan bayan mota ya ɗaga tare da shi, to ya kama.
- Sarƙoƙi. Inda ake amfani da guda biyu, ana gicciya su a ƙarƙashin wuya don su tallafe shi idan ya faɗo. A bar musu sakin da zai isa shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Tirela mai birki tana da siririyar waya da ake maƙala wa jikin mota, wadda ke kama birki idan an rabu.
- Ɗaurin jirgi. Igiyar winci ba ta isa ba. Ana ƙara sarƙa a hancin jirgi, da bel biyu da ke ɗaure bayansa da tirela. Jirgin da ba a ɗaure bayansa ba yana tsalle a rami, kuma a birkin gaggawa zai iya haurowa kan mota.
- Inji. A ɗaga ƙafarsa yadda ba za ta bugi ƙasa ba, a tokare ta. A Birtaniya an saba rufe farfela da jaka mai launi mai haske.
- Fitilu. Danja, sigina da fitilar birki duk a gwada su.
- Kaya. A ɗaure ko a cire duk abin da iska za ta iya ɗauka, a sauke eriya da rumfa.
- Madubi. Idan jirgi ya fi mota faɗi, a sa madubai masu dogon hannu.
- Notin taya. A sake matse su bayan kilomita 50 na farko idan sabon ɗaurin taya ne.

Muhimmancin duba mahaɗi ya fito fili a watan Janairun 2014 a birnin Bristol na Ingila, inda wata tirela mai nauyin kusan tan biyu da ba a kulle ta daidai ba ta kwance daga bayan mota, ta hau gefen hanya ta kashe yaro ɗan shekara uku. Ba tirelar jirgi ba ce, amma lamarin ya jawo gangamin wayar da kai kan duk masu jan tirela, har maganar ta kai majalisar dokokin ƙasar.

## Tuƙi a kan hanya

A kwana tayoyin tirela suna yankewa ta ciki, ba sa bin sawun na mota, don haka direba yana buɗe kwanar fiye da yadda ya saba. Wuce wata mota yana buƙatar fili mai tsawo, kuma ba a komawa layi sai an ga tirelar ta wuce sarai a madubi. A gangara ana sauko da giya tun daga sama, inji ya taimaka wajen riƙe nauyi, maimakon a jingina ƙafa a kan birki. A hawan tudu a riƙa duba gejin zafin inji. Ya kamata direba ya san tsayin jirginsa a kan tirela saboda gadoji da rumfunan gidan mai. Ba a ɗaukar mutum a cikin jirgin da ake ja, kuma a wurare da yawa laifi ne. An saba tsayawa bayan 'yan kilomitoci na farko a sake duba bel da mahaɗi, domin ɗauri yana saki idan kaya sun zauna.

A ribas tirela tana bin kishiyar inda bayan mota ya nufa. Dabarar da ake koya wa sababbi ita ce a ɗora hannu a ƙasan sitiyari, a kai hannun ɓangaren da ake so bayan tirela ya bi, a hankali kuma kaɗan-kaɗan. Gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin naɗewa.

## A bakin ruwa

Ana sauke jirgi ne a wani gangaren kankare da ya shiga cikin ruwa. Ladabin wurin shi ne a gama shiri a gefe kafin a hau gangaren, kuma wannan jiran yana ba boris damar hucewa. A nan ake mayar da matoshin ramin fitar da ruwa, wanda mantuwa da shi ya nutsar da jirage da dama, a kwance bel ɗin baya, a ɗaura igiyar riƙo. Igiyar winci da sarƙar hanci kuwa ba a kwance su sai tirela ta isa ruwa, musamman mai rola, domin jirgi zai iya zamewa ya faɗi a kan kankare. Ƙasan gangaren yakan yi santsi saboda gansakuka, don haka ba a barin tayoyin motar su yi nisa a ruwa, kuma kafin direba ya fito sai ya ja birkin hannu ya sa giya, ya kuma sa wa taya waigi. Masu jirgi mai filafilai su duba sama kafin su tayar da doguwar sandarsa, domin taɓa wayar lantarki yana kisa.

Bayan an fito da jirgi birkin tirela a jiƙe yake, ba ya kamawa sosai sai an ɗan taka shi sau da yawa a ƙaramin gudu. Idan ruwan gishiri ne, a wanke tirela da birkinta da ruwan daɗi.

## Yaɗa baƙin halittu

Tirela tana iya kwasar ciyayi da ƙananan halittun ruwa daga wani tafki zuwa wani. A 1988 aka gano wata ƙaramar halitta mai ɓawo da ake kira zebra a Tafkin St. Clair da ke tsakanin Amurka da Kanada. A Janairun 2007 kuma aka ga 'yar uwarta quagga a Tafkin Mead, can yammacin Amurka, kuma ana kyautata zaton jirgin da aka ja ta tudu ne ya kai ta. Waɗannan halittu suna iya rayuwa kwanaki a wajen ruwa, kuma suna toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki. Saboda haka hukumomi ke umartar masu jirage su wanke jirgi da tirela, su tsiyaye ruwan ciki, su bar su su bushe kafin shiga wani ruwa. A jihar Minnesota doka ce a cire matoshin jirgi yayin da ake jan sa a kan hanya, kuma wasu jihohin yamma suna da shingayen binciken jirage.

## Girma da lasisi

Faɗin da aka yarda da shi ba tare da izini na musamman ba shi ne mita 2.55 a Birtaniya, mita 2.5 a Ostareliya, da ƙafa 8 da inci 6, kusan mita 2.6, a yawancin hanyoyin Amurka. Masu ƙera jiragen da ake so a riƙa ja da mota suna tsara faɗinsu ne daidai da wannan. Wanda ya wuce haka sai an nemi takardar izini, kuma akan ƙayyade masa hanya da lokacin tafiya. Game da lasisi, tun daga 16 ga Disamba 2021 direban da ke da lasisin ƙaramar mota a Ingila, Scotland da Wales yana iya jan tirela har zuwa kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ta daban ba, ko da yake hukumomi suna ba da shawarar a nemi horo. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa manyan tireloli suna buƙatar lasisi mai aji BE.